Auyo tsakanin fari da ambaliya: yadda kogin Haɗeja ya sauya hali

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya raba tsakiya, sunayen garuruwa iri ɗaya ne ke dawowa cikin labaran rediyo daga Jigawa: Ringim, Taura, Miga, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kirikasamma, Guri. Wanda ya san ƙasar zai gane cewa hanyar kogin Haɗeja ce ake bi, daga yamma zuwa gabas, gari bayan gari, yadda ruwan ke isa gare su. Auyo na tsakiyar wannan jeri, kuma abin da ya same ta cikin shekaru ɗari da 'yan kai ya ishi mutum ya fahimci abin da ke damun kwarin baki ɗaya.

Auyo tsohon gari ne, ɗaya daga cikin ƙananan masarautun da suka yi zamani a yankin kafin jihadi ya haɗe su ƙarƙashin Haɗeja. Yau ƙaramar hukuma ce da ƙidayar 2006 ta ba wa mutum kimanin 132,000, akasarinsu manoma da masunta da makiyaya a garuruwa irin su Gamsarka da Ayama da Gatafa. Matashin da aka haifa a can bayan 1990 ya tashi ne yana jin ambaliya a matsayin masifar da ake fargaba duk damina. Kakansa kuwa fari ne abin tsoronsa, cikar kogi ita yake fata. Sauyin yanayi yana da hannu a wannan juyi, amma ni a ganina kaso mafi girma na hannun ɗan Adam ne, domin maganin da aka yi wa fari a shekarun 1970 shi ya sake wa kogin hali.

Sai an fara da ƙasar kanta. Ruwan saman da ke sauka a yankin Haɗeja bai taka kara ya karya ba, ga damina gajera. Ruwan da ke cika kogin daga nesa yake zuwa. Kogin Kano na tasowa ne daga duwatsun kudancin jihar Kano, kogin Calawa daga yamma, su haɗu kafin Wudil. Har zuwa nan suna gudu ne a kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, mai gangare. Daga Wudil zuwa gabas sai ƙasa ta kwanta shimfiɗe, ta koma rairayi, gudun ruwa ya ragu, ya fara zubar da yashi da taɓon da ya ɗauko. Tsofaffin jigayin rairayi da iska ta tara tun zamanin da suka sa kogin ya rarrabu. Wani reshe ya nufi Kafin Hausa. A gabashin Haɗeja kuma ya sake kasuwa, akwai tsohon kogin, akwai Burum Gana, akwai mashigar Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Abin da ya rage ya haɗu da kogin Jama'are kusa da Gashuwa, ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Saboda haka ana iya kwana ba a ga ko ɗigon ruwa a Auyo ba, a wayi gari kogi ya cika da ruwan da ya sauka a Tudun Wada ta kudancin jihar Kano kwanaki da suka wuce.

A da, wannan cikar ita ce arzikin ƙasar. Manomi ya shuka gero da dawa a tudu da ruwan farko, ya watsa shinkafa a fadama, shinkafar gida mai jure ruwa wadda ke tsawo yayin da ruwa ke tasowa a hankali. Kifi ya bi ruwan ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa. Da kaka ruwa ya fara janyewa, ya bar danshi da sabon taɓo, sai a bi bayansa da wake da rogo da dankali. Masunta su tare kifi a kududdufan da suka rage. Da rani Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa, su bar taki. Fili ɗaya ya ciyar da mutum uku a shekara, kowa da lokacinsa. Ruwan da ya kwanta a fadama kuma yana nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi. An san cewa wata shekarar ruwan kan wuce kima ya cinye shinkafa, amma garuruwa a kan tudu aka kafa su, kuma asarar damina rani kan mayar da ita.

Shekarun da suka bar tabo a bakin tsofaffi su ne waɗanda kogin bai cika ba. Daminar 1913 ta gaza a duk faɗin arewa, yunwar da ta biyo baya a 1914 ita ce ake kira Kakalaba. Dubun dubatar mutane suka mutu a Lardin Kano, wanda Haɗeja ke cikinsa a lokacin. Shekara 8 kacal ke nan da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi a 1906, ga haraji da ake nema da kuɗi, wanda ya sa mutane sayar da hatsi tun da kaka, rumbu ya zama fanko kafin bazara. An sake shan wuya a 1927, yunwar da ake kira 'Yar Buhu, sannan fara ta addabi ƙasar a farkon shekarun 1930. A irin waɗannan shekaru fadama ce mafaka. Mutanen tudu kan gangaro su nemi kifi da bado da goruba, su yi ƙwadago a gonakin masu danshi. Kwarin Haɗeja wurin gudun yunwa ne ga maƙwabta.

Sai farin 1972 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobi daga Senegal har Habasha. Bayan shekara 10 aka sake yin wani, na 1983 da 1984, wanda a wurare da yawa ya fi na farko tsanani. Tafkin Cadi, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Duk wanda zai yi wa masu mulkin wancan lokaci hukunci ya kamata ya tuna abin da idonsu ya gani. Gwamnatin Audu Bako ta tsohuwar jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta har 1991, ta duƙufa kan gina madatsun ruwa don kada abincin jama'a ya ci gaba da rataya a kan damina kaɗai. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Su biyun nan ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura, da ruwan madatsun birnin Kano ke sha. Amfaninsu a fili yake, ba mai musun sa.

Amma lissafin bai haɗa da mutanen gangare ba. Abu na farko da suka gani shi ne raguwar cikar damina. Filin da ruwa kan rufe tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ya haura murabba'in kilomita 2,000 a shekarun da ake samun ruwa sosai kafin Tiga. A shekarun 1980, da fari da madatsa suka haɗu, ya koma ƙasa da rabin haka. Shinkafar fadama ta ragu, kifi ya ragu, makiyaya da manoma suka matsu a ɗan abin da ya saura, rigima ta ƙaru. Masana tattalin arziki da suka auna lamarin a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfani, idan aka haɗa noma da kamun kifi da itace, ninkin ba ninkin amfanin da daidai wannan adadin ruwa ke samarwa idan aka karkatar da shi zuwa manyan filayen noman rani na sama. Binciken bai sauya yadda ake tafiyar da madatsun ba.

Abu na biyu ya zo a hankali, kuma shi ne tushen abin da ake fama da shi yau. A da, kogin Haɗeja kan ƙafe da rani, a taka rairayinsa da ƙafa. Bayan madatsun, ana sako ruwa kaɗan kaɗan duk tsawon rani saboda noma da shan birni, sai kogin ya daina bushewa. Akwai wata ciyawa, kacala, mai tsawon da ya fi mutum, wadda ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Da can tana nan jefi jefi, rani na kashe ta, ƙarfin ruwan damina na tumɓuke abin da ya rage ya share hanya. Yanzu an ɗauke mata abokan gaba biyun a lokaci ɗaya: babu bushewar rani, babu kuma ruwan farko mai ƙarfi, domin madatsa ta tare shi. Kacala ta cika bakin kogi, ta rage wa ruwa gudu, ruwa ya zubar da taɓo a gindinta, taɓo ya rage zurfi, ƙarancin zurfi ya ba ta sabon fili. Haka abin ke ciyar da kansa shekara bayan shekara. Saiwarta na tafiya ne a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ko an sare ko an ƙona sai ta tofo, sai dai in an yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda za ta shaƙe.

Sakamakon ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma wannan ne ke rikita mai kallo daga nesa. Da tsohon kogin da Burum Gana suka toshe, yawancin ruwan ya karkata zuwa mashigar Marma, gonakin da ke gefenta suka zama tafki na dindindin, wasu ƙauyuka suka tashi. A lokaci guda mutanen da ke bakin rassan da suka toshe suna kukan rashin ruwa, kuma kaɗan ne daga ruwan Haɗeja ke isa Gashuwa. Kacalar ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, da sauro, da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Ga garuruwa irin Auyo da ke sama da wurin toshewar, ma'anar abin ɗaya ce: kamar kwatar gida ce da shara ta cushe bakinta, ruwan da a da zai wuce salin alin yanzu baya yake yi ya shiga ɗaki.

Ana cikin haka sai ruwan sama ya dawo. Tun daga shekarun 1990 damina ta fara gyaruwa a yankin Sahel, sai dai ba irin ta da ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ruwan da a da zai sauka cikin mako biyu yanzu yana iya sauka a dare ɗaya. A 2001 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Kano da Jigawa. A watan Satumban 2010 gwamnatin Jigawa ta ce abin ya shafi mutum kusan miliyan 2. An sake a 2012, da 2018 wadda Auyo ta sha wuya ƙwarai a cikinta, da 2020. Ta 2022 ma ta yi mummunar ɓarna: a faɗin Najeriya sama da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan 1 suka bar gidajensu, kuma a Jigawa kaɗai hukumomi sun ƙirga rasuwar mutum sama da 130. Tazarar da ke tsakanin manyan shekarun sai raguwa take yi, har ta kai iyali ba sa gama farfaɗowa daga ɗaya kafin wata ta zo.

Duk lokacin da ruwa ya shigo, maganar da ke bakin kowa ita ce an buɗe dam. A 2010 har gwamnatin jiha ta faɗi haka, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ta musanta. Akwai gaskiya a ɓangarorin biyu. Tiga na da mafitar da ruwa ke tsallakewa da kansa idan tafkin ya cika, ba sai wani ya murɗa komai ba, don haka ma'aikacin da ya ce bai buɗe ba bai yi ƙarya ba. Kuma ba mai hankalin da zai so a riƙe ruwa fiye da ƙarfin madatsa; Bagauda ta ɓalle a 1988, Alau ta ɓalle a kan Maiduguri a Satumban 2024, kowa ya ga abin da ya biyo baya. Amma tambayar manomin Auyo tana nan daram: me ya sa tafkin ya riga ya cika tun kafin marka ta kai ƙarshe? Mai kula da madatsa yana tsakanin buƙatu biyu masu karo da juna. In ya rage ruwa tun farkon damina don ya bar wa ruwan Agusta wuri, sannan damina ta gaza, manoman rani da birnin Kano za su kama shi. In ya riƙe, damina ta yi yawa, mutanen gangare za su nutse. Shekara da shekaru zaɓin na karkata ne wajen riƙewa, domin masu amfana da riƙewar sun fi kusa da masu yanke hukunci, muryarsu ta fi ƙarfi. A nan ne nake ganin rashin adalcin yake.

Su ma mutanen kwarin akwai abin da ya sauya a zamansu, kuma ba laifi nake ɗora musu ba. A shekarun fari, da fadamu suka bushe shekara da shekaru, jama'a sun gangara sun yi gonaki da gidaje a wuraren da kakanninsu ba su taɓa kwana ba. Yawan mutane ya ƙaru; Jigawa ba ta kai miliyan 3 ba a ƙidayar 1991, ta haura miliyan 4 a ta 2006. Tudu ya cika, gado ya rarraba gonaki, ɗan da ya yi aure dole ya sami inda zai kafa ɗaki. An haƙa kududdufai an cike wasu, an yi tituna masu tsayi da ƙananan kwalbatoci waɗanda ke tare ruwa a gefe ɗaya. Noman shinkafa kuma ya koma na kuɗi: irin zamani, taki, maganin feshi, man injin ban ruwa, yawanci da bashi. Shinkafar zamani ba ta jure nutsewa kamar ta gida. Ruwan da a da zai ci wa manomi ƙwaryar iri da guminsa, yanzu jarinsa da na wanda ya ranta masa yake ci.

Ambaliyar ma iri biyu ce, ko da yake labarai kan haɗe su. Akwai ta kogi, mai tasowa a hankali ta kwanta makonni a kan gonaki. Akwai ta ruwan sama, wadda marka ke jiƙa ginin ƙasa kwana da kwanaki har katanga ta saki, azara ta rufto a kan masu barci. Da yawa daga cikin rayukan da ake rasawa ta wannan hanyar ne, sai kuma kifewar kwale-kwale idan hanyoyi sun yanke, mutane suka cika jirgi fiye da kima don zuwa kasuwa ko gona. Ban da wannan akwai iskar farkon damina da ke kwashe rufin kwano na makarantu da masallatai, wadda ba a cika ba ta muhimmanci ba don ba ta ɗaukar kwanaki.

Abin da ke biyo bayan janyewar ruwa bai cika shiga labarai ba, alhali shi ya fi daɗewa. Rijiyoyi sun haɗu da masai, amai da gudawa ya ɓulla. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Azuzuwan makaranta sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, karatu ya tsaya. A sayar da akuya, a sayar da sa, samari su tafi cin rani tun kafin lokacinsa. Geron da ya tsira a tudu ya yi tsada. Wato ambaliya na ƙarewa ne a inda fari ke ƙarewa, a rumbun da babu komai cikinsa.

Mutanen yankin ba su naɗe hannu ba. Duk damina ana yin gayya, matasa su kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, masu hali su kawo buhu da abinci, a raba dare ana gadin inda ruwa ke neman ɓallewa. Garin Haɗeja kansa ya sha tsira ta wannan hanya. Masunta da manoma kuma sun sha shiga ruwa da lauje da adda suna buɗe hanyoyin da kacala ta toshe. Aiki ne na jarumta, amma yana da iyaka. Jinga ba ta rage ruwa, tura shi take yi. Abin da wannan gari ya kare kansa daga gare shi, maƙwabcinsa na ƙetare ko na gangare ne zai karɓa. Shi ya sa ake samun saɓani tsakanin ƙauyuka a kan inda za a tare da inda za a fasa.

A ɓangaren hukuma, abin da aka fi sabawa da shi shi ne agajin bayan ɓarna: buhunan masara, tabarmi, kwanon rufi, ziyarar jaje. Ana buƙatarsu, amma ba sa taɓa kogin. An yi yunƙurin da ya fi wannan zurfi. A 2006 jihohi 6 da ke cin moriyar wannan ruwa, wato Kano, Jigawa, Bauci, Filato, Yobe da Borno, sun kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan tun daga tushe har Tafkin Cadi. Tunanin daidai ne, domin kogi bai san iyakar jiha ba, sai dai aikin bai kai girman matsalar ba. A 'yan shekarun nan gwamnatin Jigawa ta sayi injinan yashe kogi masu aiki a cikin ruwa, kuma inda suka bi an ga sauƙi. A farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja a ƙasar Auyo, mai faɗin hekta sama da 5,000, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa gyaransa bayan shekaru yana tafiyar hawainiya. Zai ba manoma damar mayar da asarar damina da rani, wannan alheri ne. Amma shi ma ruwan rani yake buƙata a cikin kogi, kuma ruwan rani shi ne abincin kacala. Muddin ba a tsara wani lokaci a shekara da za a bar wasu rassan su bushe ba, tare da sako ruwa mai ƙarfi da gangan a farkon damina don ya share hanya ya kuma rage wa tafkunan nauyi, injin zai yashe bana, ciyawa ta dawo baɗi. Masana ruwa sun daɗe suna ba da wannan shawara. Haka kuma duk wata magana ta farfaɗo da aikin gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne babban reshen da ya rage yana cika yana janyewa yadda ya saba, ya kamata a auna ta da abin da Tiga ta jawo wa mutanen gangare.

Akwai kuma abu mai araha da ba ya buƙatar jiran babban kwangila. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da ruwan koguna suna fitar da hasashe duk shekara, suna lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma Auyo ba ta cika fita daga jerin ba. Amma gaya wa manomi a watan Afrilu cewa ƙaramar hukumarsa na iya fuskantar ambaliya bai ƙara masa komai ba, ya riga ya sani. Abin da zai amfane shi shi ne a ce masa ruwa ya tsallake Tiga jiya, ya kai tsayi kaza a gadar Wudil yau, ana sa ran isowarsa ranar kaza. Saboda kwanciyar ƙasar, ruwan da ya wuce Wudil sai ya yi kwanaki kafin ya iso Auyo. A cikin waɗannan kwanaki ana iya yanke shinkafar da ta kusa nuna, a kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi tudu, a fitar da tsofaffi da yara daga ɗakunan da suka jiƙa. Ana auna tsayin ruwan a Wudil, kusan kowane gida akwai rediyo ko waya, kuma hakimai da bulamai da limamai suna nan. Abin da ya rage shi ne a ɗora wa wani ofishi takamaimai alhakin isar da wannan adadi kowace safiya daga Agusta zuwa Oktoba, da Hausa, a kuma tuhume shi ranar da bai isar ba.